Jirgin Ƙasa ko Hanyar Ƙafa da Keke: Tambayoyi da Amsoshi Kan Inda Kuɗin Legas Ke Tafiya

Tun da jirgin cikin gari ya fara ɗaukar fasinja a Legas, muhawarar ba ta lafa ba a majalisun Agege da rumfunan Mile 12. Wasu na ganin an yi abin da ya kamata a yi tun shekara 40 baya. Wasu kuma na cewa an zuba dukiya a kan dogo, alhali talaka na tsallake kwata a buɗe kafin ya kai bakin titi. Mun tattara tambayoyin da aka fi yi, mun amsa su da abin da aikin hanya da lissafin sufuri suka nuna.

Me aka gina zuwa yanzu, me kuma ya rage?

Layi biyu ke aiki, duka a ƙarƙashin LAMATA, hukumar tsara sufuri ta jihar Legas. Shuɗin Layi, wanda allunan tasha ke kira Blue Line, an tsara shi kilomita 27 daga Marina zuwa Okokomaiko. Kashin farko, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2 mai tasha 5, shi ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba 2023, fiye da shekara goma bayan fara ginin a zamanin Gwamna Fashola. Da lantarki yake tafiya. Kashi na biyu, wanda zai bi hanyar Badagry ta Festac da Trade Fair da jami'ar jihar, wato LASU, ana kan aikinsa.

Jan Layi ya taso daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, tasha 8: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba da Oyingbo. Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da shi a ƙarshen Fabrairun 2024, ya fara haya a Oktoban shekarar. Da dizal yake aiki, kuma yana raba dogo da jirgin gwamnatin tarayya mai zuwa Ibadan. Na gaba a layi shi ne Koren Layi, kilomita 68 daga Marina zuwa yankin Lekki.

Dattawa suna tuna cewa Gwamna Lateef Jakande ya fara irin wannan aiki a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, aka biya diyyar miliyoyin daloli ba tare da an ga ko tarago ɗaya ba.

Idan aka kwatanta kuɗin, yaya tazarar take?

Tazarar sama da ƙasa ce. An ƙiyasta Koren Layi a kan dala biliyan 3. A raba wannan da kilomita 68, kowace kilomita ta tashi kusan dala miliyan 44. Idan aka canza dala a naira 1,500, jimillar ta kai naira tiriliyan 4.5, wato ta haura dukkan kasafin kuɗin jihar na 2025, wanda bai kai tiriliyan 3.5 ba.

Motocin BRT na farko, wato manyan bas masu layinsu na musamman, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22 da aka buɗe a 2008, hanyarsu ta ci wajen dala miliyan 1.7 kowace kilomita. Hanyar keke kuma ta fi haka araha nesa ba kusa ba. Birnin Sebil na ƙasar Sifen ya shimfiɗa kilomita 80 na hanyar keke mai shinge cikin 'yan shekaru daga 2006, a kan kusan yuro miliyan 32, wato yuro 400,000 kowace kilomita. Farashin siminti da ladan ma'aikata sun bambanta tsakanin ƙasa da ƙasa, amma ma'aunin ya fito fili: kuɗin kilomita ɗaya na dogo zai iya shimfiɗa kusan kilomita 100 na hanyar keke.

Wato kuna cewa jirgin ɓarnar dukiya ne?

A'a, ko kusa. Akwai hanyoyin da babu abin da zai iya ɗaukar jama'arsu sai jirgi. Masu tsara sufuri suna auna fili mai faɗin mita 3.5, faɗin layin mota ɗaya, su ga mutum nawa zai wuce cikin awa guda. Ƙananan motoci ba sa wuce mutum 2,000. Kekuna kan kai 12,000 zuwa 14,000. Masu tafiya a ƙasa sukan haura 15,000. Jirgin ƙasa mai cikakken tsari, wanda ke zuwa duk bayan minti biyu ko uku, yana haura 50,000.

Sannan ga nisa. Mai zama a Agbado yana aiki a Oyingbo ba zai taka ƙafa ba, kuma kilomita 27 a keke safe da yamma ba abin da za a ɗora wa magidanci ba ne. Wanda ya taɓa kwana biyu yana bin gosulon Mile 2 zuwa Marina, ya kuma ga jirgi ya yanke tafiyar ƙasa da rabin awa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abin da muke jayayya a kai shi ne rabo. Ana ware wa dogo kusan komai, a bar hanyar da mutum zai bi ya isa tashar a matsayin ƙarin da za a yi in kuɗi sun ragu, kuma ba sa raguwa.

Me ke sa jirgi tsada haka, kuma wa ke biya?

Gina gada ce ke cinye mafi yawa. Daga Marina, Shuɗin Layi ya bi sama ya haye ruwa, kuma ƙasar Legas laka ce da yashi, dole a kafa ginshiƙai masu zurfin mitoci da yawa kafin a sami inda za su tsaya. Ga diyyar gidaje da shaguna, ga kwashe bututu da wayoyi, ga taragai da na'urorin sigina da ake sayowa daga waje, ga tashar lantarki ta musamman, tunda ba za a jingina jirgi da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa ba.

Nan ne haɗarin yake: ana sayen kaya da dala, bashin waje ma da dala ake biyansa, fasinja kuma naira yake bayarwa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Duk bashin dala ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara ko sisi ba. Kuɗin tikiti kuwa da wuya ya biya kuɗin gudanarwa, balle na gini. Ragowar daga harajin kowa yake fita, har da na mai shayin Idi-Araba da bai taɓa shiga jirgin ba.

Gini ma ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Jirgin Abuja ya ci fiye da dala miliyan 800, an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai 2024. Na Adis Ababa, wanda aka buɗe a 2015, ya kai lokacin da taragai da yawa suka kwanta don rashin kayan gyara. Hanyar ƙafa kuwa siminti ce da yashi da tsakuwa da birkila, duk na gida, kuma kuɗin suna komawa aljihun leburori.

Mene ne haɗin jirgi da hanyar ƙafa? Ai abu biyu ne daban.

Abu ɗaya ne. Babu wanda jirgi ke ɗauka a ƙofar gidansa. Kowace tafiya da ƙafa take farawa, da ƙafa take ƙarewa.

Mutum mai lafiya yana cin mita 800 cikin minti 10. Da'irar mita 800 kewaye da tasha fili ne na murabba'in kilomita 2. Wannan su ne fasinjojin da tashar za ta samu ba tare da sun biya wani abin hawa ba. In aka ba mutum keke da hanya mai aminci, zai ci kilomita 3 cikin minti 12 zuwa 15, filin ya zama murabba'in kilomita 28, ninki 14 ke nan. Dogon bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma gidajen da ke cin moriyarsa sun ninka.

Akasin haka ma gaskiya ne. In mita 800 ɗin nan caɓi ne da damina, babu fitila da dare, ga tirela an ajiye a gefen hanya, to sai mutum ya hau Keke Napep ko ƙaramar bas ta korope zuwa tasha, ya sake hawa wani in ya sauka. Kuɗin waɗannan gajerun tafiye-tafiye biyu na iya kamo kuɗin tikitin kansa. Mai lissafi sai ya ce gara ya zauna a bas ɗin danfo ɗaya har ƙarshe. Jirgin da aka ciwo bashi aka saya ya riƙa tafiya da kujeru babu kowa a wasu lokutan, saboda an yi tsimin kuɗin murfin kwata.

A ƙasar Holan, wajen rabin fasinjojin jirgin ƙasa da keke suke zuwa tasha. Tashar Utrecht kaɗai tana da wurin ajiye keke 12,500.

Wace irin hanya ce za a kira hanyar ƙafa ta ƙwarai?

Farko faɗi. Ana so a sami aƙalla mita 1.8 zuwa 2 babu komai a kai: ba turken lantarki, ba allon talla, ba janareto, ba matakalar shago. Da wannan faɗin ne keken guragu biyu za su yi kiciɓis su wuce, ko mace mai goyo da kaya a ka ta gifta mai baro. Kusa da tasha ko kasuwa kamar Oshodi da Yaba, mita 2 ba ya isa, sai 3 zuwa 4.

Tsayinta daga kwalta kada ya wuce santimita 15. Da yawa daga hanyoyin Legas saman kwata ne aka mayar hanya, tsayinsu ya kai gwiwa, tsoho ba ya iya hawa, don haka sai ya bi kwalta tare da motoci. A kowace mahaɗa da kowace ƙofar gida a yi gangare mai sauƙi: duk tashin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, wato dakalin santimita 15 yana bukatar gangaren mita 1.8. A ƙofar gidan mai ko gareji, mota ce za ta hau ta sauka, hanyar ƙafa ta ci gaba a miƙe. In ana yanke ta duk bayan mita goma, ta tashi daga aiki.

A karkatar da fuskarta kaɗan zuwa kwata, santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya zurare. Ƙasa da haka ruwa ya kwanta, fiye da haka keken guragu ya riƙa zamewa gefe.

Sai kwatar kanta, wadda a Legas ita ce uwar aikin. A rufe ta da murafun kankare masu rodi a ciki, kaurin santimita 10 zuwa 15, su yi daidai da fuskar hanya. A bar murfin da ake iya ɗagawa a tazara mai kusa don yashewa, a kuma bar kafofin shigar ruwa daga titi. Murfi mai tsawon santimita 60 yana nufin kusan guda 1,670 a kilomita ɗaya, gefe ɗaya. Daɓen kansa, mita 2 a gefe biyu na kilomita ɗaya, murabba'in mita 4,000 ne, kuma a kaurin santimita 10 zai ci kankare mita 400 na awon cika. Fitila duk bayan mita 25 zuwa 30, wato turke 33 zuwa 40 a kilomita, kuma haskenta ya sauka a kan masu tafiya. Itace duk bayan mita 8 zuwa 10, a jere a gefen titi, ba a tsakiyar hanyar ba.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya gagari ɗan kwangilar unguwa mai kayan aiki da sa ido na gaskiya.

To me ya sa waɗanda aka yi ba sa daɗewa?

Daɓen bulon intalok ɗin da kake gani ya lotsa bayan damina ɗaya, ba laifin bulon ba ne. Ƙasan ne ba a daddaɓe ba. Ana bukatar a danne jar ƙasa da inji, a zuba dakakken dutse santimita 10 zuwa 15 a sake dannewa, sannan yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 5, a kuma ɗaure gefe da kankare. In aka tsallake ɗaurin gefe, bulon ya riƙa watsewa ɗaya bayan ɗaya. In aka cika yashi don a rage dutse, ruwa ya kwashe shi ta ƙasa.

Na biyu, motoci. An yi daɓen don nauyin mutum, sai motar ɗaukar lemo ta hau ta sauke kaya, murfi ya karye. Maganinsa turakun kankare a tazarar mita 1.2 zuwa 1.5, wadda keken guragu zai shige, mota ba za ta shige ba. Murfin ƙarfe kuma sace shi ake yi a kai wa 'yan gwangwan, shi ya sa kankare ya fi. Na uku, masu haƙa: a shimfiɗa hanya yau, gobe a fasa ta don binne waya ko bututu, a mayar da ƙasa kawai. Da an saka bututun wofi a ƙarƙashi tun ranar gini, da ba a sake fasawa ba. Na huɗu, masu yashe kwata sun ɗaga murafu ba su mayar ba. Rami ɗaya a cikin duhu ya isa ya mayar da kowa kan kwalta.

Gwamnati ta gina gadojin tsallaka titi da yawa. Me ya sa mutane ke ƙin hawa, har sai an kama su?

Domin gadar tana neman abin da ba kowa ke da shi ba. Ana ɗaga ta sama da mita 5 don tirela ta wuce, in ka haɗa da kaurin bene ya zama wajen mita 6, matakala kusan 40 hawa, 40 sauka. Ka tsaya ƙarƙashin gadar Ojota ko Ketu da safe ka duba: ɗan dako da buhun albasa a ka, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana hutawa a tsakiyar matakala riƙe da ƙarfe, gurgu a kan katakonsa yana kallon matakalar daga ƙasa. In kuma gadar tana da nisan mita 300 daga inda bas ke sauke mutane, tsallakar mita 30 ta koma tafiyar mita 600.

A kan babbar hanya irin Apapa zuwa Oshodi ko titin Ikorodu, inda mota ke gudun kilomita 80, gada ta zama dole. Amma a yi mata gangare, a haskaka ta da dare don tsoron 'yan ƙwace, a kuma dasa ta daidai inda mutane suka riga suka saba tsallakawa. Sawun da ƙafa ta yi a tsakiyar titi shi ke nuna wurin.

A titunan cikin unguwa kuwa, tsallakar ƙasa ta fi. A ɗaga wurin tsallakar ya yi daidai da hanyar ƙafa, ya zama tudun rage gudu mai faɗin mita 3 ko fiye. In titin ya wuce layi biyu, a yi tsibiri a tsakiya mai faɗin mita 2 don a tsallaka kashi-kashi. Zanen fenti kaɗai direba ba ya ganinsa. Gudu shi ne komai: wanda mota ta buge a kilomita 30 cikin awa yawanci yana tashi, wanda ta buge a 60 yawanci ba ya tashi. Kuɗin gada ɗaya zai yi irin wannan tsallaka da dama.

Mu a Agege dogo ya raba unguwa biyu. Ba a iya barin mutane su riƙa tsallakawa kamar da?

Ba a iyawa. Lokacin da jirgi ke wucewa sau biyu ko uku a rana, an saba da baza kaya a kan dogo a janye in an ji ƙaho. Yanzu zirga-zirga ta ƙaru, kuma jirgi ba ya tsayawa nan take, yana bukatar ɗaruruwan mitoci bayan an taka birki. Haɗarin da jirgi ya yi da bas ɗin ma'aikata a mahaɗar PWD kusa da Ikeja ranar 9 ga Maris 2023, inda mutane shida suka rasu, ya nuna dalilin da ya sa ake rufe mahaɗun ƙasa. A Shuɗin Layi abin ya fi haka tsanani, don wutar jirgin tana bin wani dogo na uku da ke kwance a ƙasa, kuma taka shi ajali ne.

Amma shinge ba tare da mafita ba zalunci ne ga unguwa. An yi wa motoci gadoji a Pen Cinema da Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo. Mai zuwa masallaci ko kai yaro makarantar allo a ɗaya ɓangaren fa? In mashiga ta yi nisa, za a wayi gari an fasa katanga, kuma ba don taurin kai ba. A unguwa mai cunkoso, bai kamata tazarar mashigai biyu ta wuce mita 400 zuwa 500 ba, kuma kowace ta karɓi baro da keke.

Keke a Legas? Da wannan zafi da ruwan sama da direbobin danfo?

Cikin ukun nan, na ƙarshe ne kaɗai babbar matsala. Legas shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudun da zai sa ka sauka ka tura. Zafinta da wuya ya kai na Kano ko Sakkwato, inda ɗalibai da masu kai madara da malaman makaranta suka shekara da shekaru a kan keke. Sebil ɗin da muka ambata tana haura digiri 40 da bazara. Ruwan Yuni da Yuli gaskiya ne, amma awanni yake yi, kuma mai acaba ma a cikinsa yake aiki da rigar leda.

Abin da ya hana mutane shi ne tsoron mutuwa, kuma tsoron yana kan hanya. Ba wanda zai sa ɗansa a keke tsakanin tankar mai da danfo. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 1,000 cikin 2024, masu son abin hawan da ba ya shan mai sun ƙaru. Hanyar ce babu.

Ba za a shafa fenti a gefen titi a ce nan ne layin keke ba?

An gwada a birane da yawa, sakamakon ɗaya ne: cikin mako ya zama tashar danfo. Dole a raba shi da abu mai tauri, dakalin kankare mai tsayin santimita 15 da rata mai faɗin rabin mita tsakaninsa da motoci. Faɗin layin mita 2 ga masu tafiya gefe ɗaya, mita 3 in ana zuwa ana dawowa. Fuskarsa kwalta ko kankare mai laushi, don intalok yana girgiza keke. A tashar bas, layin ya zaga ta bayan rumfar jira.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne gutsure-gutsure: kilomita ɗaya mai kyau da ta ƙare a bakin shataletale. Mahaɗa ita ce inda ake buge mai keke, kuma ita ake bari don ta fi wuyar tsarawa. Gara kilomita 10 a haɗe, daga unguwa zuwa tasha zuwa kasuwa, da kilomita 30 a warwatse. A tasha kuma a yi rumfa mai maigadi da tikiti, da ƙarfen da za a ɗaure jikin keken, ba taya kaɗai ba, a ba mai faci da mai gyara gurbi a gefe. In ana sace kekuna, aikin ya mutu cikin wata ɗaya.

Babura za su nemi shiga, wannan ba makawa. Turaku a mashiga da jami'in hukumar kula da zirga-zirga ta LASTMA a watannin farko suna rage abin.

Masu tireda da masu baro da kura, korar su za a yi?

Duk tsarin da ya dogara da kora, tsarin asarar kuɗi ne. Mai sayar da goro ko tsire yana zama inda ƙafa take, kuma in aka tashe shi da safe, da la'asar ya dawo. Abin da ke aiki shi ne a raba faɗin gida uku: gefen shaguna, tsakiyar da ba a taɓawa, da gefen titi mai mita 1.5 zuwa 2 inda itatuwa da fitilu suke. A nan ake zana gurabe masu lamba, a yi rajista da ƙungiyar 'yan kasuwa, su da kansu su tsare tsakiyar. Titin da ke da mai shayi da fitilarsa da ƙarfe goma na dare ya fi wanda aka share tas aminci ga mace mai dawowa daga aiki.

Baro da kura kuwa, dokar hanya ta jihar ta 2012 ta hana su bin manyan tituna ɗaruruwa tare da babura. Amma tumatir da barkonon Mile 12 ba sa tashi sama su isa mota. Layi mai faɗin mita 2.5 zuwa 3 kewaye da kasuwa, mai gangare a kowace mahaɗa, zai ɗauki baro da kurar 'yan garuwa da keke gaba ɗaya.

Hana acaba yana da alaƙa da wannan?

Ƙwarai. Daga 1 ga Yunin 2022 an hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe a Satumba. Yawancin tashoshin Jan Layi na kudu da Agege suna cikin waɗannan yankuna. Acaba ita ce take cike tazarar gida da tasha, an ɗauke ta, kuma ƙananan bas ɗin da aka kawo ba su shiga kowane lungu ba. Dubban matasanmu sun rasa sana'a, fasinja kuma ya koma ƙafa a kan hanyar da ba a yi don ƙafa ba. Keken kai saƙo da na dako sana'a ce da za ta iya ɗaukar wasu cikinsu, in akwai inda za a tuƙa.

In abin yana da araha haka, me ya hana a yi?

Jirgi yana da ranar yanke ƙyalle da hoto a jarida, murfin kwata ba shi da. Masu ba da bashi ma sun fi son babban aiki ɗaya da ƙanana 200 masu wahalar sa ido. Ga kuma rarrabuwar iko: wasu manyan hanyoyi na tarayya ne, wasu na jiha, lungunan unguwa na ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37. Kwangilar tasha takan ƙare a bakin ƙofarta, abin da ke gaba ya zama na kowa, wato ba na kowa ba.

Takarda dai akwai. A 2018 an tsara wa Legas manufar sufurin ƙafa da keke, tare da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar nazarin manufofin sufuri ta ITDP. Nairobi ta yi tata a 2015, ta rubuta cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hanya ya tafi wannan fanni. Rubutawa daban, sakin kuɗi daban, amma adadi a rubuce yana ba jama'a abin da za su riƙe gwamnati da shi.

Me ya kamata ƙungiyar unguwa ko ta kasuwa ta nema, kuma ta yaya?

A nemi abu mai lamba. Tashoshin da ke aiki 13 ne. In aka gyara kilomita 5 na tituna kewaye da kowace, kilomita 65 ke nan, kuma bisa ma'aunin hanyar keke da muka kawo a sama, kuɗin bai kai abin da kilomita ɗaya na sabon dogo ke ci ba. Ga layukan da ba a gama ba, kashi na biyu na Shuɗin Layi da Koren Layi, a matsa a saka hanyoyin isa tasha cikin kwangilar tun yanzu, da kuɗin gyara na shekara-shekara a layi na daban cikin kasafi.

Kafin a je ofis, a yi aikin gida. Mutum huɗu da tef ɗin awo da waya su bi titi ɗaya daga tasha zuwa mita 800. A ƙirga murafun da suka ɓace, a auna faɗin da ya rage babu cikas, a rubuta fitilun da ba sa kamawa, a ɗauki hoto ranar da aka yi ruwa. A tsaya a wurin tsallaka daga ƙarfe 7 zuwa 8 na safe, a ƙirga masu bin gada da masu bin ƙasa, a ware yara da tsofaffi da masu kaya. A gano ko titin na tarayya ne, na jiha ko na ƙaramar hukuma, don takarda ta je inda ya dace. Sannan a rubuta shafi biyu, Sarkin Hausawa da shugaban kasuwa da ƙungiyar ci gaban unguwa da maƙwabta Yarbawa da Ibo su sa hannu tare, a kai wa kansila da ɗan majalisar jiha da LAMATA, a karɓi kwafi mai hatimi. A kai ta tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ma'aikatu ke haɗa buƙatunsu, kafin gwamna ya gabatar da kasafi a ƙarshen shekara. In kasafin ya fito, a nemi sunan titin a ciki, a kuma koma bayan wata uku a tambayi nawa aka saki.